Mai Karɓar Basilla

Sau uku Rodney Tregear ya bar saƙo a wayar Clarrie Nankervis cikin mako guda, kuma duk ukun magana ɗaya ce: "Ni ne. Ranar Asabar zan ɗinke tamfol ɗin jirgi. Ƙarfe tara." Babu gaisuwa, babu ya jiki, babu ya mutan gida. A ganin Rodney wannan ban haƙuri ne cikakke, har ma ya ɗan yi yawa, tunda mutumin da ya kira ka sau uku ai ya gama zubar da girmansa a ƙofar gidanka.

So yake Clarrie ya dawo, ba wani abu ba. Shekara ashirin da takwas suna tsere a jirgin ruwa ɗaya, Rodney a baya riƙe da sandar tuƙi, Clarrie a gaba yana jan igiyar ƙaramin ƙyallen da ke kama iska. Yanzu wata shida ke nan ko kalma ba ta haɗa su ba, ga shi saura mako biyu a buɗe kakar tsere.

Asabar ɗin ta zo da rana mai daɗi irin ta tsakiyar Satumba a kudancin duniya, sanyi ya fara tattara kayansa, ƙudaje ba su gama farkawa ba. Tun takwas da rabi Rodney ya ajiye a-kori-kurarsa a bayan kulob ɗin 'yan jirgin ruwa na Port Hallam. Ya sauke akwatin aiki, da dogon katako, da fulas ɗin shayi, da kofi biyu. Ruwa ya janye can nesa, ya bar yashi da ciyawar teku suna wari. Ba kowa a filin sai jirage a jere, kowanne lulluɓe a kan amalankensa.

Nasu jirgin, Galah, yana can ƙarshen layi kusa da shinge. Kwalekwale biyu ne sirara aka haɗa da ƙarfe biyu a gicciye, aka ɗame baƙin tamfol mai raga-raga a tsakaninsu. A kan tamfol ɗin nan mutum biyu suke zama, a kansa suke rarrafe daga wannan gefe zuwa wancan duk lokacin da aka juya jirgi, kuma shi kaɗai ya raba su da teku. Clarrie ne ya raɗa wa jirgin sunan wannan akun mai ruwan hoda da ba ya rufe baki. Har yau Rodney bai taɓa tambayarsa dalili ba.

Ya yaye lulluɓin. Yagar tana nan yadda ya bar ta, a ɗinkin tsakiya, tsawon hannu guda.

Ranar tseren rufe kaka ne abin ya faru, cikin watan Maris. Su ne na biyu, matsayin da rabonsu da shi an yi shekara tara. Suna kewaya alamar ƙarshe da ke kan ruwa Rodney ya daka wa Clarrie tsawa ya haye ɗaya gefen. Clarrie ya rarrafo, yana zuwa tsakiya ɗinkin ya ɓarke, ƙafarsa ta zurma har cinya, jirgi ya kife. Jirgin ceto ne ya jawo su gaɓa. A bakin ruwa kuwa mutane sun cika, ana gasa nama, yara na guje-guje, a nan Rodney ya wanke abokinsa tas a gaban kowa.

"Aiki ɗaya aka ba ka a duniya, ka ɗaure ƙullin ɗinki a ƙasan tamfol, shi ma ya gagare ka! Shekara ashirin da takwas ina yawo da buhun siminti a gaban jirgi. Gara ma buhun, shi ba ya fasa tamfol!"

Clarrie ya cire rigar ceto, ya ninke ta yadda ya saba, ya ɗora a kan jirgin, ya bi titi ya tafi gida a ƙasa, ruwa na ɗiga daga wandonsa.

Rodney bai ɗauki abin da zafi ba, don ya sha faɗin wanda ya fi haka. Shekara talatin ya yi yana shugabancin ma'aikata a rumbunan alkama na tashar jirgi, inda ƙarar injina ta sa ba a magana sai da ihu. Shi ya yi ritaya, muryarsa ba ta yi ba. Matarsa Pauline ta koma wajen ƙanwarta a Queensland shekara goma sha huɗu da suka wuce, kuma har gobe in ka tambaye shi zai ce maka ciwon ƙirji ne, iskar can ta fi karɓarta.

Sai lokacin sanyi ya shigo. A da, duk Asabar ɗin da ba a fita ruwa, Clarrie kan zo gidansa da burodi mai nama a ciki guda biyu a jakar takarda, su zauna su kalli ƙwallo, Rodney yana zagin alƙalin wasa, Clarrie yana gyaɗa kai. Bana kujerar ta zauna haka nan. Rodney ya zagi alƙali mako uku, ya ga zagin ba ya daɗi in babu mai gyaɗa kai, ya daina kunna talabijin ɗin. Akwai ranar da ya lissafa ya ga ya kwana huɗu bai yi magana da kowa ba sai matar da ke sayar da mai a gidan mai, ita ma "na gode" ce kawai. Kaɗaici ya ci shi, ci na gaske, ko da yake da za ka faɗa masa haka da ya kore ka daga gidansa.

Shi ya sa ya ƙosa Satumba ta zo, don aikin tamfol ba na mutum ɗaya ba ne. Rana ce ke cin zare. Tamfol ɗin kansa yakan yi shekaru garau, amma zaren da ya riƙe shi sai ya ruɓe a hankali har ka iya tsinka shi da farce. Masu hankali kwance nasu suke yi su aika Adelaide a bi shi da keken ɗinki. Rodney ya ce tamfol ɗin da aka kwance ba ya taɓa komawa daidai, saboda haka su da hannu suke ɗinke nasu, yana ɗame a jikin jirgi. Ɗinkin tsakiya ya yi wa hannu nisa ta kowane gefe, dole mutum ɗaya ya hau sama, ɗaya ya kwanta a ƙasa. Na sama ya danna basilla da fatar da ke ɗaure a tafin hannunsa, na ƙasa ya kama ta da filaya ya ja zaren, ya nemo rami na gaba ya mayar da ita sama, in an yi taki guda ya ɗaure ƙulli. Tun shekarar farko Rodney ne a sama, Clarrie a ƙasa. Ba wanda ya taɓa zama ya raba aikin, haka dai aka tashi aka gani.

Ƙarfe tara ta yi. Rodney ya gitta katakon a kan kwalekwalen biyu, ya goga wa zare kakin zuma, ya zura a basilla. Ya sake gogawa, duk da ba ya bukata. Tara da kwata wata mota ta taho ta hanyar rumbuna, ya yi sauri ya sunkuya yana duba wani ƙarfe da lafiyarsa lau, don kada a same shi yana jira. Motar ta wuce. Tara da rabi ya zuba shayi a kofi ɗaya, ya bar ɗayan a kife a kan akwati. Wata motar ta zo ta tsaya, wani mutum ya fito da kare, suka nufi gadar da ta miƙe cikin teku. Da goma ta buga ya watsar da sauran shayin a yashi.

"To, ai ba dole," ya ce wa shingen.

Ya hau jirgi, ya rarrafa kan katako zuwa tsakiya, ya danna basilla. Ya ja da baya, ya sauko, ya durƙusa, ya kwanta rigingine, ya ja jiki ya shige ƙarƙashi, ya kamo basilla, ya ja zare, ya mayar da ita sama. Ya ja jiki ya fito, ya dafa tayar amalanke ya miƙe, ya sake hawa. Duk wannan hidimar ɗinki ɗaya ne. Mutum mai shekara saba'in da ɗaya, da gwiwar da likita ya daɗe yana neman izinin canzawa. A ɗinki na huɗu ya bugi goshinsa da ƙarfen amalanke. A na bakwai ya manta filayar a sama, sai da ya fito ya ɗauko. Ya zagi filaya, ya zagi wanda ya ƙera amalanken, ya zagi rana, ya tsallake suna ɗaya bai zaga ba, don har lokacin kunnensa na kan titi.

A ɗinki na goma sha ɗaya ya shiga ƙasa, ya ji ba zai iya fitowa ba tukuna. Ya kwanta yana haki. Yashin wurin da sanyi, tamfol ɗin bai fi taki biyu da hancinsa ba, rana na ratso ramukansa tana yi masa ɗige-ɗige a riga. Shekara ashirin da takwas da mallakar jirgin nan, yau ne ya fara kwanciya a ƙarƙashinsa.

Ya ji takun mutum a kan tsakuwa, ya kasa kunne.

"Clarrie! Ashe ka dawo? Kai, amma na ji daɗi!"

Muryar Glenys ce, sakatariyar kulob, wadda makullan ko'ina suke hannunta tun rasuwar mijinta. Ta zo wanke firjin kicin kafin a buɗe kaka, ta hango ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin Galah.

"Ni ne," in ji Rodney.

Sai ga fuskarta a juye, ta sunkuyo tana leƙe. "Rodney Tregear? Me kake yi a wurin Clarrie?"

"Rawa nake yi. Me ya yi miki kama?"

"Wa ke sama?"

"Ni."

Ta dubi katakon, ta dubi ɗan guntun ɗinkin da ya yi, ta ƙirga da ido. "Tun yaushe?"

"Tun goma."

"Tabɗi. A haka sai Kirsimeti. Zauna nan, ina da rabin awa kafin ƙanƙarar firjin ta narke."

"Ban ce ina neman taimako ba."

"Ni ma ban ce ka ce ba. Ina fatar hannun?"

Kafin ya haɗa wata maganar ta haye. Ya ga inuwarta ta rufe ɗige-ɗigen rana, katako ya yi ƙara. Daga ƙasa ba ka ganin mutum, inuwa kawai kake gani da murya. Ba ka kuma ganin basilla sai ta riga ta ɓullo, kuma hannunka na hagu dole yana manne da tamfol daidai wurin, yana tokare shi don ya huda.

"Ga ta nan," in ji Glenys. Tsinin ya ɓullo kusa da yatsansa. Ya kama, ya ja, ya mayar.

"Ga ta nan."

Ya ja, ya mayar.

"Ga ta nan, ɗan dama kaɗan."

"Wai me kike ta faɗa ne kamar mai talla?"

"Ina gaya maka basilla na zuwa. Ko so kake in tsone maka ido?"

"Wa ya ce haka ake yi?"

"Haba, kowa ma. Na sama ya faɗa, na ƙasa ya janye yatsa. Marigayi mijina ko ya sha giya ba ya mantawa." Inuwar ta tsaya. "Kai me kake ce wa Clarrie?"

Rodney ya nemi amsa. Abin da yake ce wa Clarrie dai shi ne "yi sauri," wani lokaci kuma "barci kake yi ne a ƙasan?" Bai faɗa mata ba. Ya ce ta ci gaba, rana na yi.

Aiki ya kama tafiya. Glenys ba ta iya shiru ba, ta ba shi labarin famfon banɗakin mata, da rikicin wanda zai riƙe tutar fara tsere, da jikarta da ta auri ɗan New Zealand. Cikin labarin ɗan New Zealand ɗin ne ta sha'afa sau ɗaya. Basillar ta sauko ba sanarwa, ta shige tsokar babban yatsansa. Ihun da ya yi sai da tsuntsayen kan rufin kulob suka tashi.

"Wayyo, yi haƙuri! Rodney, yi haƙuri don Allah. Ta shiga sosai? Mu gani. Laifina ne, bakina ne ya yi yawa."

Ya tsotsi yatsan, ya ce ba komai, ya naɗe shi da salatif ɗin lantarki daga akwati. Sau ɗaya ke nan cikin rabin awa, kuma an ba shi haƙuri sau biyu a kai. Yana kwance sai ya tuna yadda Clarrie ke zuwa ranar ɗinki: aljihun riga cike da filasta, ga tabarau irin na masu walda a goshi. Kowace shekara sai Rodney ya yi masa dariyar tabaran nan. Kowace shekara kuma in sun gama suna shan shayi, yatsun Clarrie a naɗe suke, uku ko huɗu, kuma Rodney ya ɗauka rashin iya riƙe filaya ne.

Glenys ta duba agogo ta ce ruwan firji zai cika mata kicin. Ta sauko tana kaɗe gwiwa. Sun yi ɗinki sittin da wani abu, saura kamar ashirin.

"Ka je ka gan shi," ta ce.

"Na kira shi sau uku."

"Na sani. Matarsa Beryl ta kunna mini saƙon. Na ɗauka sanarwar kwashe shara ce daga ƙaramar hukuma."

Ta tafi. Rodney bai fito ba. Ya bi ɗinkunan da ido, tsofaffin, waɗanda ba su yage ba. Daga sama duk ɗinki ɗaya ne, nasa ne, a miƙe. Daga ƙasa kuwa ana karanta shekaru, don ba kullum suke samun zare iri ɗaya ba: ga fari, ga baƙi, ga koren da suka yi amfani da shi shekarar da shagon da suke sayen zare ya ƙone. Ƙullin da ke kan tsofaffin zaren ƙanana ne, a matse, kowanne an ƙona bakinsa da ashana an danne. Ko da farce ba za ka ɗaga su ba. Ya matsa gaba zuwa ɗinkin shekarun baya-bayan nan, inda yagar ta faro. A nan ƙullin manya ne, sakwa-sakwa, wani an ɗaure shi sau biyu don na farkon bai kama ba. Kusa da kowane rami akwai 'yan huje-huje uku ko huɗu, inda basilla ta yi ta lalube kafin ta sami hanya.

Rodney ya san wannan hannun. Mahaifinsa ya yi irinsa a ƙarshen rayuwa, har cokali ya gagare shi. Sai abubuwa suka riƙa zuwar masa ɗaya bayan ɗaya: Clarrie yana riƙe kofi da hannu biyu, Clarrie yana tsaye hannun dama a aljihu ko ana zafi, Clarrie ya daina sa riga mai maɓalli. Kunya ta kama shi a wurin da ba mai ganinsa.

Amma a faɗi gaskiya, ba kunya kaɗai ya ji ba. A ƙarƙashinta akwai wani daɗi. Ashe ciwo ne! Ashe mutumin kunyar hannunsa yake ji, shi ya sa ya ɓuya a gida. To wannan ai mai sauƙi ne, abu ne da ake gyarawa, kuma Rodney ya yarda da kansa wajen gyara. Ya soke basillar a gefen tamfol, ya bar ɗinki ashirin ɗin da gangan, ya mayar da kofin da bai yi amfani da shi ba cikin akwati, ya tayar da mota.

Gidan Clarrie yana bayan filin ƙwallo, mai koren rufi. Beryl, matarsa, tana zaune a baranda tana gyaran wake. Ta dube shi ta saman tabarau, ba fara'a, ba kuma ɗaure fuska.

"Yana baya," ta ce.

Clarrie na durƙushe a lambu yana dashen tumatir, ƙaramar rediyo na magana a hankali a kan bokitin da aka kife. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, siriri, mai tafiyar wanda ba ya son ya tayar da kare. Ya ɗago ya ga mai zuwa, ya dafa sanda ya miƙe.

"Kyaftin."

"Clarrie."

"Ka rame."

"Kai kuma ka yi kumatu."

Suka tsaya suna kallon tumatir. Rodney ya shirya magana a mota, tiryan-tiryan, amma ya neme ta ya rasa.

"Na shiga ƙasa yau," ya ce.

"Ƙasan me?"

"Jirgi."

"Kai ɗin?" Clarrie ya yi dariya, dariya ta gaske. "To, ya ka ga garin namu?"

Rodney ya ɗaga yatsan da ke naɗe da baƙin salatif.

"Ɗaya tak? Wa ke sama?"

"Glenys."

"Ai Glenys tana da hannu mai kyau."

"Tana faɗa kafin ta danna."

"E, haka ake yi."

"Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Na gaya maka. Shekarar farko, da ta biyu." Clarrie ya faɗe shi ba tare da wani nauyi ba, yana kakkaɓe ƙasa daga gwiwar wandonsa.

Rodney ya dubi aljihun Clarrie. "Na ga ƙullinka. Na 'yan shekarun nan. Hannun ne, ko?"

Clarrie ya zaro hannun dama daga aljihu ya buɗe shi a tsakaninsu. Yatsun suna karkarwa su kaɗai, babban yatsa na gogar na kusa da shi. Ya kalle shi yadda mutum ke kallon karen maƙwabci da ya shigo masa gida.

"Shekara huɗu ke nan. Likita ya ba shi suna, ya ba ni ƙwayoyi. Kowa a kulob ya sani."

"Ni ban sani ba."

"E, ai."

Rediyo na ba da labarin farashin ulu. Rodney ya ji in bai faɗa yanzu ba, ba zai taɓa faɗa ba. Maganar ta fito da ƙyar, kamar ana zare tsohuwar ƙusa daga katako.

"Abin da na faɗa ranar nan a bakin ruwa, bai kamata ba. Ban kyauta ba. Ba ranar kaɗai ba ma." Ya ja numfashi. "Saura ɗinki ashirin, na bar mana su. Kai ka hau sama, ni in kwanta a ƙasa, daga yau har abada. In ka tsone mini ido, na biya bashin da ke kaina ne. A ruwa ma, ka zo baya ka riƙe tuƙi, ba ya son yatsu, ni in koma gaba in ja igiya. Na gama tsara komai."

Clarrie ya dube shi. Idonsa ya ɗan kawo ruwa, bai ɓoye ba.

"Na gode, Rod. Da gaske na gode. Na san abin da ya ci maka kafin ka faɗi wannan." Ya mayar da hannun aljihu. "Amma ba zan zo ba."

"Don hannun? Ai na ce maka..."

"Ba hannun ba ne. Da hannun nan na yi kaka huɗu."

"To fushi ne. Ka zage ni mana! Ga ni tsaye, ka faɗi duk abin da ke ranka a gaban Beryl, mu wuce wurin."

"Fushin mako biyu na yi. Na ma so in riƙe shi, ya ƙi zama." Clarrie ya sunkuya ya rage muryar rediyon. "Bari in gaya maka yadda aka yi. Asabar ta farko bayan abin nan, na farka cikina a ɗaure, yadda yake yi mini kowace Asabar. Na sauko ina neman takalmi, sai na tuna ba inda za ni. Na haɗa shayi na zauna a kan matakalar can. Ina zaune na ji cikin ya saki. Ka san tun ina ɗan shekara arba'in na ɗauka haka Asabar take? Na ɗauka kowa haka yake tashi."

"Amma kana son ruwan."

"Ina son ruwan. Ina zuwa kan gada in kama ƙaguwa, ina ganinsa."

"Mun yi na biyu, Clarrie. Saura ƙiris."

"Mun yi." Ya yi murmushi. "Ba na ƙinka, mutumina, kada ka tafi da wannan. In mun haɗu a kanti mu gaisa. Kawai dai na gwada zama ba kai, sai na ga na fi jin daɗi."

Rodney ya buɗe baki. Duk rayuwarsa in abu ya tsaya masa a gaba, murya yake ɗagawa abin ya matsa. Ya duba ko'ina cikin maganar nan ya rasa inda zai kama. Da zagi ne da ya san yadda zai yi da shi, da ciwo ne ya riga ya zo da maganinsa a mota. Ya tsaya a tsakiyar lambun mutane da yatsa a naɗe, ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji a teku ba, tsoron Asabar mai zuwa da wadda ke bayanta.

"Nawa ka ce ya rage?" in ji Clarrie.

"Ashirin."

Clarrie ya ɗaga kai ya dubi saman dogayen itatuwan da ke bakin filin ƙwallo, inda ganye ya fara motsi kaɗan-kaɗan.

"In ka koma yanzu, za ka gama kafin iskar yamma ta taso."

Da kirki ya faɗa, irin kirkin da ake yi wa baƙon da ya tsaya tambayar hanya. Sannan ya durƙusa ya ɗauki tumatir na gaba.